Ƙafar Roba Ga Jikin Da Ba Ya Ji

Ya 'yan'uwanmu 'yan makaranta da malamanmu, kun san Hausawa sun ce jiki magayi. Galibi mu kan kawo wannan karin magana ne in za mu tsoratad da yaro mai ƙiriniya, watau in bai ji bari ba ya ji hoho. Amma in mutum ya zauna ya dubi maganar da idon basira sai ya ga akwai wata ni'ima cikinta wadda ba mu cika gode wa Allah a kanta ba. Jiki shi ke gaya wa mai shi inda takalmi ke matsa masa, shi ke tashinsa tsakad dare ya juya in ɓarin da ya kwanta a kai ya gaji, shi ke fizge masa ƙafa daga garwashi tun bai ma san ya taka ba. Zafin ciwo kamar mai gadi ne mai yawan surutu, kowa ya ƙosa da shi, amma ran da ya bar gida ɓarawo ya kan shiga har ƙuryar ɗaki ba wanda ya farka.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan zance shi ne muna so mu yi magana a kan waɗansu mutane da ba a cika tunawa da su ba ko a cikin masu lalura, watau waɗanda Allah ya haɗa musu jarrabawa biyu a jiki guda, ga shanyewa ga kuma yankewar ƙafa. Wanda aka yanke wa ƙafa amma sauran jikinsa lafiya lau, sha'aninsa da sauƙi, don kuwa a kan yi masa ta roba, bayan 'yan watanni ka gan shi a kasuwa yana ciniki, in ba an gaya maka ba ba ka ganewa. Wanda jikinsa ya shanye amma gaɓoɓinsa na nan cif, shi ma an san hanyar jinyarsa. To, in biyun suka gamu sai lissafi ya rikice, kowace lalura ta riƙa tare wa maganin 'yar'uwarta hanya.

Kada ku zaci haɗuwar nan tsautsayi ne kurum ya faɗo sau biyu a gida ɗaya. Sau da yawa ta farin ce ke haifar ta biyun. Laka, wadda ta sauko daga ƙwaƙwalwa ta bi ta cikin ƙashin baya, kamar wayar tangaraho ta ke, ita ke kai umurni ga gaɓoɓi, ita kuma ke komowa da labarinsu. In ta tsinke, ko don haɗarin mota, ko faɗowa daga kan gini ko itace, sai saƙo ya yanke ta fuska biyun. Mutum ba ya iya motsa ƙafafunsa, ba ya kuma jin abin da ke samunsu. Ya kwanta kwana da kwanaki diddigensa na danne kan katifa, jini ba ya ratsa wurin, fata ta mutu, gyambo ya buɗe, ya ci nama har ya tad da ƙashi, shi kuwa bai sani ba sai wari ya gaya wa masu jinya. Ko kuwa da hunturu a ajiye masa kaskon wuta kusa da ƙafa don tausayi, ya yi barci, gari ya waye ƙafa ta gasu. In ruɓa ta shiga ƙashi ta fara neman jini, ba abin da ya rage wa likita sai ya yanke don ya tsirad da rai.

Hanya ta biyu ta dattawa ce, kuma ita ta fi yawa. Hawan jini da ciwon sukari abokan tafiya ne. Na farin ya kan fasa ko ya toshe jijiya a ƙwaƙwalwa, ɓarin jiki ya shanye, na biyun kuwa ya kan kashe ji a tafin ƙafa ya kuma rage gudun jini, har ƙaya guda ko yankan farce ya zama sanadin rasa ƙafa. Ta ukun ita ce ta shan inna. Ita wannan cuta ƙarfi kaɗai ta ke ɗaukewa, ba ta ɗauke ji, amma ƙashin ƙafar da ta shanye siriri ne, ba ya jimre faɗuwa. In ya karye aka kai wa maɗori, ya ɗaure da kara da tsumma ya matse ƙwarai, sai kumburi ya rasa wurin zuwa, jini ya tsaya, ƙafa ta yi baƙi. Ba mu ce dukan maɗora haka su ke ba, akwai masu hankali da ke sassauta ɗauri su kuma san karayar da ta fi ƙarfinsu. Amma likitocin ƙashi na ƙasar nan sun daɗe suna kuka da matsattsen ɗori, don yana cikin manyan dalilan yanke gaɓoɓin yara. A jihar Kano an ga mai shan inna na ƙarshe da asalin ƙwayar cutar ta kama a ƙasar Sumaila cikin watan Yuli 2014, a watan Agusta 2020 kuma aka shaida Afirka duka ta rabu da ita. Sai dai waɗanda ta riga ta taɓa suna nan tare da mu, suna kuma tsufa.

Mu dai ba littafi ne ya fara nuna mana wannan al'amari ba. Sa'ad da aka aika da mu koyon aikin koyarwa, an sauke mu a Badawa, unguwar da ke manne da Nasarawa ta gabashin birnin Kano, inda a dā Turawan mulki suka yi gidajensu. A layin da muka zauna akwai gida biyu da wannan jarrabawa ta shiga. A ɗaya akwai wani dattijo, tsohon direban babbar mota, wanda ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, bayan shekara guda kuma ciwon sukari ya ci ƙafar hagun, aka yanke ta ƙasa da gwiwa. Kowa Baba ya ke ce masa, mu ma haka. A ɗaya gidan kuwa wani saurayi ne tsaranmu, wanda ya faɗi da babur lakarsa ta tsinke a tsakiyar baya, daga baya ƙuna ta zama gyambo, aka yanke masa ƙafar dama sama da gwiwa. Uwarsa ke jinyarsa. Abin da ya ba mu mamaki shi ne gidajen nan biyu magana guda su ke yi, 'yan dubiya ma ita su ke maimaitawa: a tara kuɗi a sa masa ƙafar roba ya tashi. Kai ka ce ƙafar roba taya ce, a kwance tsohuwa a ɗaura sabuwa mota ta kama hanya.

Kafin mu faɗi yadda kowannensu ya ƙare, ya kamata mu ɗan waiwaya, don sana'ar nan tana da asali. Yaƙi ne ya raine ta. A Yaƙin Duniya na Farko sojan Ingila fiye da 41,000 suka rasa hannu ko ƙafa, har aka buɗe musu asibiti na musamman a Rohamton, gefen birnin Landan, a 1915, inda maƙeran ƙafa suka kafa rumfunansu a harabar asibitin. A ƙasarmu ma haka ne. Asibitin ƙashi na Igbobi a Ikko ya faro ne a matsayin wurin jinyar sojan da suka sami rauni a Yaƙin Duniya na Biyu, kafin ya zama asibiti sosai a 1945. Namu na Dala an buɗe shi a 1959, a 1979 kuma Gwamnatin Tarayya ta haɗa shi da na Igbobi da na Inugu ƙarƙashin hukuma guda.

Wannan tarihin masu dungu ke nan. Na masu ciwon laka kuwa ya fi ban tausayi, don a Yaƙin Farko wajen takwas cikin goma na sojan da lakarsu ta tsinke ba su wuce 'yan makonni ba suka mutu, gyambo da ciwon mafitsara suka kwashe su. Likitoci ma sun ɗauka ba abin yi sai jiran ajali. Wanda ya juya wannan al'amari wani likita ne Bayahude, Ludwig Guttmann, wanda ya gudo daga Jamus zuwa Ingila a 1939, aka danƙa masa sashen masu ciwon laka a asibitin Stoke Mandeville cikin watan Fabrairu 1944. In kun ji maganin da ya kawo sai ku yi dariya don sauƙinsa. Ya ce a riƙa juya majiyyaci kowane awa biyu, dare da rana, ko yana barci ko yana farke, ko yana so ko ba ya so, a kuma tsabtace hanyar fitsari. Da ya ga sun daina mutuwa sai ya ce to, ba kwanciya aka raya su don su yi ba, ya tashe su ya zaunad da su a keke, ya koya musu sana'a da wasanni. Ran 29 ga Yuli 1948, ranar da aka buɗe wasannin Olamfik a Landan, ya shirya wa mutum 16 gasar harbin baka a filin asibitin. Daga wannan 'yar gasa aka sami wasannin naƙasassu na duniya da aka fara a Rum a 1960. Mu a ganinmu babbar hikimar mutumin nan ita ce ya gane cewa in jiki ya daina gaya wa mai shi, tilas agogo da idon wani su karɓi aikin.

Wani likitan kuma, Paul Brand, wanda ya yi aiki da kutare a Belur ta ƙasar Indiya tun daga 1946, ya nuna cewa galibin yatsun da kuturu ke rasawa ba cutar ce ke cinye su kai tsaye ba, rashin ji ne ke sa ya yi ta ji musu rauni bai sani ba. Duk wanda ya taɓa zuwa Yadakunya ya san abin da a ke nufi. Darasin kuturu da na mai ciwon laka da na mai ciwon sukari guda ne.

To, mu komo Badawa. Mun sami zarafin raka gidajen nan biyu wurin masu ƙera ƙafa, muka ga aikin da idonmu, gani kuwa ya kori ji. Abu na fari da muka koya shi ne aikin ƙafar roba tun ran da aka yi yanka ya ke farawa, tun ba a san ma ko za a yi ta ba. Dungu sabo kumburarre ne, a kan naɗe shi da bandeji mai talewa, a karkace ana gicciyawa, a fi matsewa a ƙasa a sassauta a sama, har ya saɓe ya yi siffar da za ta shiga ƙoƙo. In aka naɗe shi zobe zobe kamar yadda a ke ɗaure bakin buhu, an koma gidan jiya, an yi aikin matsattsen ɗori. Sa'an nan ga maganar ƙagewa. Mai jinya don tausayi ya kan cusa matashi ƙarƙashin gwiwa, majiyyaci ya ji daɗi, bayan 'yan makonni gwiwa ta ƙage a lanƙwashe ba ta miƙuwa, ƙafar roba kuwa ba ta zama daidai a kan gaɓar da ta ƙage. Don haka ma'aikatan gashi da motsa gaɓoɓi su kan sa mutum ya riƙa kwanciya rub da ciki wani lokaci kowace rana, su kuma koya wa 'yan gida yadda za su riƙa miƙe gaɓar da mai ita ba ya iya miƙewa da kansa. Ga wanda jikinsa ya shanye wannan aiki ninki biyu ne, don tsokar da ta rabu da umurnin ƙwaƙwalwa ta kan ɗaure da kanta ta ja gaɓa ta naɗe.

In dungu ya nuna, sai a zo awo. Mai ƙira ya kan shafa dungun da yatsa yana neman inda ƙashi ya turo, ya yi wa wuraren alama da fensir, ya naɗe shi da farin simintin nan na asibiti, in ya bushe ya zare. Cikin wannan kwanso ya ke zuba wani simintin ya fitad da dungu na biyu, kamar yadda maƙerin farfaru ke zuba narkakken ƙarfe cikin gurbi. A kan wannan dungu na siminti gwaninta ta ke. Ya ƙara tudu inda ba a son matsi, ya kankare inda nama ke iya ɗaukar nauyi, sa'an nan ya gasa faifan roba mai tauri a tanda har ya yi laushi, ya lulluɓa, a zuƙe iska ya kama jikinsa. Shi ke nan an sami ƙoƙo, sauran bututu da tafin ƙafa, da gwiwa ga wanda aka yanke a cinya. Irin wannan ƙira ta roba mai araha ita Ƙungiyar Red Cross ta Duniya ta yaɗa a ƙasashen da yaƙi ya taɓa. A 2016 ta fara aiki tare da asibitin Dala don mutanen da rikicin arewa maso gabas ya raba da gaɓoɓinsu, a 2020 kuma aka buɗe wata cibiyar a asibitin koyarwa na Jami'ar Maiduguri, don a rage musu doguwar tafiya zuwa Kano.

Ga mai cikakken ji, gwajin ƙoƙo hira ce tsakanin mutum biyu. Mai ƙira ya ce, “Ina ke maka zafi?” Mai ƙafa ya nuna, a kankare, a sāke gwadawa. To, yaya za a yi da wanda ba ya ji? A nan ne muka ga abin da ya tsaya mana a rai. Da aka sa wa saurayin nan ƙoƙonsa, mai ƙira bai tambaye shi kome ba. Ya dubi agogo, bayan kamar minti goma sha biyar ya cire, ya kira uwar, ya ce, “Iya, matso kusa, wannan karatun naki ne.” Ya kama hannunta ya ɗora bayan yatsunta a kan dungun, ya ce ta bi shi a hankali ta gaya masa inda ya fi ɗumi. Ya ce littattafan Turawa sun ce a nemi inda fata ta yi ja, amma wannan alama ta farar fata ce, a jikinmu ja ba ya fitowa sosai. Abin nema shi ne inda ya fi kewayensa duhu, ko ya yi ƙyalli, ko ɗumi, ko tauri kamar an sa tsakuwa ƙarƙashin fata. In alamar ba ta ɓace ba bayan kamar minti ashirin, kada a sāke sa ƙafar sai an komo da ita an gyara. Ya ba saurayin madubi, ya ce ya riƙa duba inda idonsa ba ya kaiwa safe da maraice. Har wa yau ya gaya musu cewa jikin da ya daina magana da harshen zafi wani lokaci ya kan yi ta da wani harshe. In suka ga ƙafa ta yawaita zabura ba dalili, ko gumi ya karyo masa, su cire kome su bincika, akwai abin da ke cizonsa a ɓoye.

Uwar ta ce, “Malam, to yaushe zai taka?”

Mai ƙira ya yi shiru kaɗan, ya ce, “Iya, ƙafar roba ba ta da rai. Ƙugu da cinya su ke jefa ta gaba, nasa kuwa ba su karɓar umurni. Wannan ƙafa ta zama ce, ba ta tafiya ba.”

Ba mu taɓa ganin magana ta yi wa mutum nauyi kamar yadda wannan ta yi wa matar nan ba, ta kuwa sayad da abin da ta sayar kafin ta zo. Amma mun ga gaskiyar mai ƙira, mun kuma girmama shi da bai ɓoye ta ba. Da ya so, da ya karɓi kuɗi ya ƙera musu mai nauyi mai gwiwar ƙarfe, su kai gida su jingine ta a bango.

Kada kuwa ku rena ƙafar zama. Mutumin da ke wuni a keke, nauyinsa a rabe ya ke tsakanin mazauninsa da cinyoyinsa da tafin ƙafafunsa. In aka ɗauke ƙafa guda sai ya karkata, nauyi ya taru a ƙashin mazauni na gefe ɗaya, nan kuwa gyambo ya fi son tsirowa. Ƙafa mara nauyi mai laushin ciki ta kan daidaita zaman. Keken ma sai an sāke masa tsari, don wanda ya rasa ƙafa nauyinsa ya koma baya, in ya hau 'yar gangara sai keken ya tashi da gaba ya kifad da shi ta ƙeya, saboda haka a kan ja manyan tayoyin baya kaɗan. Ga matashin zama na kirki, ga koyon ɗaga jiki da hannu kowane minti ashirin ko talatin don jini ya ratsa, ga koyon ƙaura daga gado zuwa keke a kan ɗan allo ba tare da an ja fata ba. Akwai kuma abin da ba a aunawa da ma'auni. Saurayin ya gaya mana, “Wallahi, malamai, tun da na ga takalmi biyu a ƙasan wandona na daina jin kunyar fita ƙofar gida.” Wani ya ce wannan ado ne kurum. Mu ba mu yarda ba, don mun ga wanda ya shekara a ɗaki ya fito zaure ya kafa teburin gyaran waya.

Sha'anin Baba dabam ne. Shi an yi masa ƙafar tafiya, dalili kuwa uku ne masu ƙira suka duba. Gwiwarsa tana nan, gwiwa kuwa dukiya ce, don masu bincike sun auna sun ga mai yanka ƙasa da gwiwa ya kan ƙara kamar kashi 25 zuwa 40 cikin ɗari na ƙarfin da mai ƙafa biyu ke kashewa a tafiya, mai yanka a cinya kuwa daga kashi 60 har zuwa ninki guda, wannan kuwa ba ƙaramin kaya ba ne ga zuciyar tsoho mai hawan jini. Sa'an nan shanyewar da yankan duk a gefe guda suka faɗa, watau ƙafarsa ta dama da hannunsa na dama suna da ƙarfinsu. Da a ce a gicciye suka zo, hagu ta shanye dama ta yanke, da ba shi da ginshiƙin dogara ko ɗaya. Na uku, hankalinsa garau ya ke, yana riƙe abin da aka koya masa. Duk da haka sai da ya yi watanni tsakanin dogayen ƙarafa biyu na koyon tafiya, yana koyon ɗora nauyi a kan gefen da zuciyarsa ba ta amince da shi ba. Sa ƙafar ma da hannu guda wani karatu ne, sai da aka sauya masa maɗauri da irin wanda a ke mannawa.

Wata rana muka tarad da shi yana susar iska ƙasa da dungun. Ya ce, “'Ya'yana, kada ku ce na zautu, babban yatsan nan da aka binne shi ke mini ƙaiƙayi.” Bai zautu ba, ba kuma aikin iskoki ba ne, yadda waɗansu maƙwabta suka so su ce. Mafi yawan waɗanda aka yanke wa gaɓa su kan ji haka, don taswirar ƙafar tana nan a ƙwaƙwalwa ko da ƙafar ta tafi, likitoci kuma sun rubuta labarinsa tun zamanin yaƙin basasar Amurka. Ku dubi ikon Allah, ɗaya yana da ƙafar hagu ba ya jin ta, ɗaya ba shi da ita yana ji.

Akwai wani abu kuma da masu ƙira na ƙasashen Turai ba su yi tunaninsa ba, don su mutanen kujera ne da takalmi sau ciki. Mu kuwa a tabarma mu ke ci, a ƙasa mu ke salla, a tsugune mu ke alwala da kewayawa, a ƙofar masallaci da ƙofar ɗakin surukai mu ke tuɓe takalmi. Tafin roba an daidaita shi ne da tsawon dunduniyar takalmi guda, in aka tuɓe sai tsayuwa ta karkace. Mutanen Indiya, da ya ke zamansu ya yi kama da namu, sun gamu da wannan matsala, har a 1968 a birnin Jaifur wani likita, Sethi, da wani gwanin sassaƙa, Ram Chandra Sharma, suka ƙago tafin roba mai lanƙwasuwa, wanda a ke iya tsugunawa da shi, a harɗe, a shiga gona ba takalmi. Baba dai a kujera ya ke salla, shari'a kuwa ta yi masa rangwame, amma ya ce abin da ya fi kewa shi ne goshinsa ya taɓa ƙasa.

Wahalar da ta rage ba ta asibiti ba ce, ta hanya ce. Daga Badawa zuwa Dala sai an ratsa gari daga gabas zuwa yamma, mai keke kuwa ba ya shiga motar haya, sai an ɗauki shatar A Daidaita Sahu, zuwa kuma ba ɗaya ba ne ba biyu ba. A cikin unguwa ga rairayi, ga kwata a ƙofar kowane gida, ga dokin ƙofa. A watan Janairu 2019 aka sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su yi hanyar da keke zai hau. Ku ƙirga matakalan da ke ƙofar azuzuwan da kuka koyar a ciki, ku ba kanku amsa. Mu da za a rarraba cikin garuruwa da ƙauyuka, lalle wani cikinmu zai sami yaro mai ƙafar roba ko takalmin ƙarfe a ajinsa. Yaro kuwa girma ya ke, ƙafar ba ta girma, a shekara guda ta kan yi masa kaɗan, in ya fara ɗingishi ko ya riƙa fashin makaranta, a dubi ƙoƙon kafin a ɗauko bulala. Ta babba ma ba ta wuce 'yan shekaru ba a sāke ta ba.

Dungu kuma ramewa ya ke yi, musamman a shekarar fari. Sa'ad da muka gama kwanakinmu za mu bar Badawa, ƙoƙon Baba ya riga ya yi masa yawa, daga safa ɗaya ya koma sa uku don ya cike gurbin, yana kuwa kai kansa masallacin layin da sanda mai ƙafa huɗu, jikansa na biye da kujera. An ba shi ranar komawa a sāke awo bayan Babbar Salla, 'ya'yansa kuma sun fara tara kuɗin shata.